Teburin Arzika Mai Agogo

Na sauka Jega ranar Alhamis da hantsi,
takardar fanshon marigayi babana a aljihu,
agogonsa a hannuna, ya tsaya tun muna Koko.

Bakin tasha, ƙarƙashin dogonyaro,
ga tebur mai gilashi, ƙafarsa ɗaya bisa dutse.
Agogo goma sha bakwai kwance a ciki,
babu biyun da bakinsu ya zo ɗaya.
Na ce, "Malam, wanne ke faɗin gaskiya?"
Arzika bai ɗago ba, madubi na manne a idonsa.
"Waɗanda sunka tsaya.
Su dai sau biyu kullum suna dacewa.
Mi kaka nema garinga?"

Na ce ofis. Na ce banki.
Na ce da motar komawa kafin duhu.
Ya yi dariya har ɗan sukurun ya gangara ƙasa,
muka duƙa mu biyu muna lalube cikin yashi.

"To saurara, baƙo.
Nomau mai shayi shi ka buɗe gari,
kafin ladan ya gyara murya wutarsa ta kama.
Ƙosan Tumba daga sallame asuba ne
har ƙullu ya ƙare,
ƙullu kuwa bai san ƙarfe tara ba.
Banki, takwas anka rubuta a ƙofa, huɗu a rufe,
amma layi na da tasa asubar.
In na'ura ta yi gardama,
nemi yaron da ke ƙarƙashin jar lema,
shi ba ya tashi sai sauro ya kore shi.
Ofis kuma, ƙofa takwas ce.
Mai makullin durowa, wannan wani zance ne.
Tafi da goma, gaida masinja da kyau,
kada ka bari azahar ta riga ka.
Gobe Jumma'a, in rana ta take tsaka,
ko allura ba ka samu sai an sauko."

"Mota fa?"

"Mota ba ta da ƙarfe, kujera gare ta.
Saura mutum ɗaya, in ji ɗan kamasho.
Tun jiya saura mutum ɗaya."

Na bar masa agogon na tafi.
Na gaida masinja har da tambayar iyali.
Fanka na juyi a kan kujerar da ba kowa.
Mai makulli ya tafi ta'aziyya Aliero,
gobe guntuwar rana ce,
jibi da gata ba a magana.
Litinin, in Allah ya kai mu.

Na dawo bayan la'asar ƙafafuna sun yi nauyi.
Inuwar dogonyaro ta kai bakin kwata,
wannan ne ƙarfen tashin Arzika,
amma bai tashi ba.
Ya buɗe bayan agogon, ya miƙo mini madubin:
wani ɗan zane kamar ƙafar kaza.

"Alamata ce. Na yi ta tun ina da baƙin gemu.
Malam Tunau mai koyar da lissafi?
Dogo, mai keke marar ƙararrawa?
Kai ɗansa ne?
Mutumin ga bai taɓa makara ba.
Rabin zamansa garinga jiran mutane yay yi,
nan bisa bencin ga."

Na zauna a kan bencin.

Ya murɗa kan agogon, ya kara a kunnensa,
ya saita shi da rediyon mai faci.
Ya ƙi karɓar kuɗi. Ya ce akwai tabarma a zaurensa.

Aka kira magariba, shaguna suka ja ƙyaure rabi.
Can tsallaken titi mai tsire ya fara hura wuta,
ranarsa yanzu ta fito.
Motar da zan shiga tana nan, ƙofa a buɗe,
saura mutum ɗaya.
Agogon babana na bugawa a wuyan hannuna,
shida da minti hamsin da biyu,
ban da inda zan je sai Litinin.